Akwai Saura

Sana'ata rubuta wa kwamfuta umarni, kuma a cikin sana'ar an fi sanina da ɓangaren da ba wanda ke rububinsa, wato neman fayil. A kamfanin da nake aiki, in manhaja ta ce ba ta ga wani abu ba alhali kowa ya rantse yana nan, ko wani ya kwashe fayiloli daga wannan folda zuwa waccan komai ya tsaya cik, ni ake kira. Ba wata baiwa ba ce. Tsakanin unguwannin Nima da Lagos Town na tashi, inda in za a kwatanta maka gida sai a ce ka bi lungun mai koko, ka wuce famfon da ba ya kawo ruwa, ka shiga gidan da sai ka ratsa wani gidan kafin ka kai gare shi. Wanda ya saba da wannan, adireshin fayil ba ya ba shi tsoro. Shi ma jerin sunaye ne: folda kaza, a cikinta folda kaza, a cikinta abin da kake nema. In suna ɗaya ya kuɓuce maka, sai ka tsinci kanka a tsakar gidan wasu.

Da duk wannan ƙwarewa tawa, mahaifiyata ba ta taɓa miƙo mini wayarta ba, ko da a ce in ƙara mata haske ne.

Ni ne ɗanta na fari, ita kuma 'yar tsohon gida ce. Fataucin goro ne ya kawo kakanta daga ƙasar Katsina, kuma gidansu ya riƙe abubuwa da yawa da ko a Katsinar ma wasu sun saki. Kunyar ɗan fari na ciki. Ba ta kiran sunana. Yaron maƙwabta da aka raɗa wa suna irin nawa har ya yi gemu bai ji sunansa a bakinta ba, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata a Lagos Town, ban dawo gidanmu na Nima ba sai da ta rasu, lokacin ina sakandare. Ƙannena Mma suke ce mata, ni kuwa Hajiya nake cewa, tun kafin ta ga Makka. In tana da magana da ni, ko da tabarma ɗaya muke zaune, sai ta dubi ƙanwata mai bi mini ta ce, "Ki ce masa abinci na nan." Ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, abinci na nan." Ni kuma in ce, "Ki ce mata na gode." Ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki sai matata, lokacin tana amarya. Ita ma sau ɗaya ta yi, ta ga ba wanda ya taya ta.

Na san al'ada ce. An yi mini bayaninta tun ina ƙarami, ni ma na yi wa wasu. Amma sanin dalilin abu ba ya hana shi ciwo, kuma na girma da wani zargi da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ƙila al'adar ta zo daidai da abin da ke ranta ne, shi ya sa ba ta taɓa shan wahalar binta ba. Mutum ya haura shekara talatin bai tabbatar ko mahaifiyarsa na sonsa ba, ba ƙaramin abu ba ne, ko da kuwa yana cin tuwonta duk Lahadi.

Hajiya shinkafa da wake take sayarwa a kasuwar Malam Atta, kuma wayoyinta ba sa tsawon rai. Wata ta faɗa bahon wanki, wata buhu ya danne, wata kuma batirinta ya kumbura har ya ɓalle murfi. Duk lokacin da waya ta cika ko ta mutu, sai ta tafi wurin wani Bazabarme mai rumfar gyara a unguwar Mamobi, ya kwashe mata abin da ke ciki ya zuba a faifan ajiya, irin ɗan baƙin akwatin nan da ake jona wa kwamfuta. Shi ya ba ta shawarar sayensa. Tana naɗe faifan a ɗankwali, ta sa a kwanon samira na saman kabet, inda ake ajiye abin da ba a son yara su taɓa. Ni kuma a Mamobin nake zaune, daga bakin lungunmu ana hango rumfar. Sau da yawa nakan hange ta a bencinsa tana nuna masa allo da yatsa, in sauya hanya don kada in takura mata, ina tafe ina jin haushi.

Sai Bazabarmen ya tattara ya koma ƙasarsu. Wanda ya gaji rumfar ya jona faifan, ya ji yana wata ƙara, ya cire ya ce shi ba ruwansa. Ranar wata Asabar da safe, ina shan koko, ƙanwata ta yi sallama da ƙunshi a hannu.

"Yaya, Mma ya ce ka duba wannan," in ji ta. Hausar Nima take yi, wadda kowa namiji ne a cikinta. "Wai yana kuka kaman agogo."

"Ita ta ce a kawo mini?"

"Ya ce a kai ma wanda ya san abin. Wa kuma ya san abin a gidanmu?" Ta ajiye ƙunshin a kan tebur. "Ya ce kar komi ya ɓata. Abin na damun shi paa, ba kaɗan ba."

Na kwance ɗankwalin, na jona faifan. Ƙyas, ƙyas, shiru, ƙyas. Duk wanda ya yi aikinmu ya san wannan ƙarar. Allurar da ke karanta faifan ce ta fara tuntuɓe, kuma duk karatun da ka sa shi yana rage masa kwana. Irin wannan ba a cewa ya kwaso komai a tafi ɗaya, don yana iya mutuwa a tsakiyar tarkace ya bar maka abin kirki a ciki. Mai muhimmanci ake fara ɗebewa, in da sauran numfashi a koma kan sauran.

Da na leƙa ciki sai na ga Bazabarmen yana da nasa tsarin. Duk zuwan da Hajiya ta yi, sai ya tattara duk abin da ke faifan ya jefa a folda ɗaya mai suna "tsohuwar waya", sannan ya zuba sababbi a gefenta. Zuwa na gaba ya sake yin haka. Don haka a cikin tsohuwar waya akwai tsohuwar waya, a cikinta akwai wata, kamar jerin samirar Hajiya da ake saka ƙarama cikin babba. A kowane hawa kuma akwai foldoji da sunayen mutane, don hotunan waya ba su da suna sai lamba, sunan folda ne kaɗai ke nuna na wane ne. A bayyane yake ita ke faɗa yana rubutawa. Ga ta ƙanwata, ga ta ƙanenmu da ke Italiya, ga ta auta, ga ta jikoki ɗaya bayan ɗaya, ga ta marigayi Baba da aka rubuta "mai gida", ga Makka, ga kasuwa. A can ƙasa, a hawa mafi tsufa, har da hotunan takarda da ta ɗauka da waya shekarar da babbar kwata ta cika ruwa ya shiga ɗakuna. Na takardar kuwa, laima ta ƙarasa su tun tuni, waɗannan ne kaɗai suka rage.

Kafin in fara aiki na yi abin da kowa zai yi. Na rubuta sunana, na ce kwamfuta ta bi faifan kaf ta nemo shi. Ta bi, ta dawo ta ce babu. Na gwada sunan da kakata ke kirana da shi, babu. Na gwada "babba", na gwada "wancan", na gwada sunan 'yata haɗe da "baban". Babu. Ragon layya na wata shekara yana da folda. Na buɗe ta, hotuna ne masu kyau, an ɗauke shi ta gaba da ta gefe.

Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Matata ta shigo ta ga fuskata ta tambayi ko faifan ya mutu ne. Na ce a'a, lafiyarsa ƙalau, ni ne dai ba na ciki. Ta ce, "Kai ma ka san halin Hajiya." Na ce na sani, ai shi ya sa ban yi mamaki ba. Ƙarya nake, na yi.

Na zauna na rubuta 'yar manhaja. Aikinta mai sauƙi ne: ta shiga folda, ta duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. In fayil ne ta kwafe shi zuwa sabon faifan da na saya, ta sa shi ƙarƙashin sunan mai shi. In kuma folda ce, ta shiga ta sake yin abin da ta yi a waje, har sai ta kai ƙasa. Na sa ta riƙa lissafa wa kowane fayil wata lamba daga abin da ke cikinsa, wadda muke ɗauka kamar zanen yatsa, don in hoto ɗaya ya maimaitu a hawa daban-daban kada a ajiye shi sau biyu. Sannan, don in rage wa faifan wahala, na ƙara layi ɗaya na abin da za ta tsallake ko leƙawa ba za ta yi ba: tarkacen da waya ke tara wa kanta, waƙoƙin kira, da duk foldar da ba a raɗa wa suna ba.

Wannan na ƙarshen yana buƙatar bayani. In ka ƙirƙiri folda, kwamfuta na ba ta sunan wucin gadi, "sabuwar folda", ta jira ka sa naka. A shekarun da na yi ina aiki ban taɓa buɗe mai irin wannan suna na sami abin kirki ba. Ko dai wayam take, ko kuma wani ne ya danna bisa kuskure ya zuba shara ya tafi. A wurinmu masu sana'ar, abin da mutum ya damu da shi yana sa masa suna. Layin ma ba sabo na rubuta ba, daga wata manhajar ofis na ɗauko shi, inda ya daɗe yana aiki ba wanda ya yi ƙorafi.

Na kunna wa faifan fanka, na saki manhajar. Ta yi aikinta tsaf, faifan na ƙyas-ƙyas yana bi. Da ta gama, kowa ya sami folda ɗaya tak, hotunansa a jere shekara bayan shekara. Na lura abin da na kwaso bai kai nauyin abin da ke tsohon faifan ba, ko kusa, amma na ce maimaici ne da shara. Har na ɗan yaba wa kaina.

Washegari Lahadi bayan la'asar na ɗauki laftof na tafi Nima. Hajiya na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake. Na gaishe ta, ta amsa wa iska kamar yadda ta saba. Ƙanwata ta ɗora mata kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunne, tana danna mata. Ta ga na Italiya ta yi murmushi. Ta ga Baba ta yi masa addu'a. Ta ga auta yana rarrafe a hoton takarda mai tabon ruwa ta ce ashe wannan na nan. Ta ga ragon ta ce ya yi kitse. Da aka kai ƙarshe sai ta ce a koma sama, aka koma, ta bi sunayen da ido duk da ba karatun boko take yi ba. Sannan ta mayar da hannu cikin waken.

"Ki ce masa akwai saura."

"Yaya, akwai saura."

"Ki tambaye ta na wa."

Ƙanwata ta tambaya. Hajiya ta gyara mayafi.

"Akwai saura dai."

Na fara lissafo mata. Na Baba ne? Suna nan. Na Makka? Suna nan. Bikin auta? Na ƙawarta da ta rasu? Na 'yan'uwanta na Kumasi? Duk wanda na ambata sai ta girgiza kai ba ta dube ni ba. Na ce wa ƙanwata ta gaya mata kwamfuta ba boka ba ce, sai an faɗa mata abin da ake nema. Ƙanwata ta ga wannan ba saƙon da za a isar ba ne. Hajiya ta tashi ta ce bari ta duba tukunya. Tukunyar kuwa tun ɗazu aka sauke.

Na koma Mamobi a ƙafa, raina a ɓace. A ofis, wanda ya aiko mini cewa abu ya ɓata bai faɗi ko mene ne ba, mayar masa da saƙonsa nake yi. Wannan kuwa ba a mayar mata. Ga faifai na mutuwa, ga mai faifai ta ƙi magana, ga ni da ko rago ya fi ni matsayi a ciki an ce ni zan nemo.

Duk da haka na nema, don mai nema yana tare da samu, in ji mutane, ko da yake ba su faɗi yadda ake yi ba in ba a san abin da ake nema ba. Kullum na dawo daga aiki sai in jona faifan na ɗan lokaci. Na nemi fayilolin da ake ɓoyewa, masu fara suna da ɗigo. Na nemi bidiyo kawai, na nemi sauti kawai. Na nemi waɗanda aka goge amma sawunsu na nan. Na bi ta shekaru, ko akwai shekarar da ta yi giɓi. Duk wannan bincike a kan 'yar manhajar nan tawa na gina shi, don ita ta san hanya, kuma duk inda ta je da layinta na tsallake take zuwa. Na tsinto 'yan abubuwa: wa'azi, hoton wani buhu da ya zo a yage, muryar wata mata tana neman a ajiye mata wake. Na aika da su. Amsa ta dawo ta bakin ƙanwata cewa ba su ba ne. Ƙarar faifan kuwa ta sauya, shirun da ke tsakanin ƙyas da ƙyas ya fara tsawo.

Ranar Juma'a ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, Mma bai je kasuwa ba yau. Jiya ma bai je ba. Ya ce in ba a samu ba, a dawo mashi da abin shi haka nan."

"Ki ce mata in na dawo da shi haka nan, ba mai sake buɗe shi."

"Ya sani. Ya ce ko bai buɗe, a dawo mashi da shi."

Hajiya ba ta fashin kasuwa. Ranar da aka yi mata aikin ido ma sai da ta aika a duba mata rumfa. Na gane ko mene ne wannan saura, ya fi mata duk abin da na kwaso, har ta gwammace ta riƙe shi a mace cikin ɗankwali da ta rasa shi gaba ɗaya. Na yi ta tunanin wane ne wannan mai sa'a.

Da na sauko daga masallaci na yanke shawarar yin gwaji na ƙarshe. Na daina tambayar suna. Na rubuta 'yan layuka sababbi fil, ba tsallake ba zaɓe, na ce a auna mini nauyin kowace folda, ban da foldojin da ke cikinta, a jera daga mai nauyi zuwa marar nauyi. Wannan ba ya buƙatar buɗe hoto ko ɗaya, don haka faifan zai iya jurewa. Sakamakon ya fito a hankali. Ta farko a jerin, "sabuwar folda". Ta biyu, tsohuwar waya, a cikinta "sabuwar folda". Ta uku ma haka, hawa ɗaya ƙasa. A kowane hawa, tun daga sama har ƙasa, akwai guda ɗaya da ba a raɗa wa suna ba, kuma ita ta fi kowace nauyi. Na Italiya, wanda duk muka ɗauka shi ne ɗan lele, yana can ƙasa da su.

Na buɗe ta sama.

Ƙeyata na fara gani. Ina fita daga ƙofar gidanmu na Nima da jakar laftof a kafaɗa, hoton a karkace, gefen mayafi ya rufe kusurwa ɗaya. Na gaba ma ƙeyata ce, wata rigar daban. Ga ni ina alwala a bakin famfo. Ga ni ranar sunan 'yata, an ɗauko ni ta tsakanin labule, ranar da na ɗauka ko leƙowa ba ta yi ba. Ga ni a tashar trotro, motocin hayarmu, ina hamma, daga tsallaken titi. Ga ni ina sauya hanya a bakin lungunmu na Mamobi, an ɗauko ni daga bencin Bazabarme. Kusan babu wanda na dubi kyamara a ciki, kuma da yawa babban yatsan Hajiya ya shigo. Akwai saƙonnin murya kuma. Na taɓa ɗaya, sai na ji kaina ina cewa, "Ki gaya wa Hajiya na iso lafiya." Saƙonnin da nake tura wa ƙanwata ne, ashe Hajiya karɓa take yi tana ajiyewa.

Ba sai an faɗa mini yadda aka yi ba. Bazabarmen ya buɗe folda, ya ɗora yatsu a kan madannai, ya ce wannan fa wane suna za a sa, ita kuma ta kau da kai. Daga baya ƙanwata ta ce ta taɓa raka ta sau ɗaya, ta ji ta ce masa ya bar wannan yadda take, ita ta ɗauka kayan kasuwa ne. Haka ma ranar Lahadin nan. Na tsare ta ina cewa na wa, na wa, ina jero mata sunayen duniya, alhali amsar ita ce kalma ɗaya da ba ta iya faɗa.

Na so in zauna in yi kuka, amma faifan ba zai jira ni ba. Na goge layin tsallaken. Na juya tsarin manhajar, na ce ta fara daga hawa mafi zurfi ta hauro, don na can ƙasa su ne ba su da madadi. Ta fara kwasa. A hawan ƙasa fayil ɗaya ya ƙi, ta tsaya a kansa faifan na ta ƙyas-ƙyas. Na ce ta bar shi ta wuce, ta dawo masa a ƙarshe. Na zauna na zuba wa allo ido, na riƙe wayar faifan da hannu don kada ta motsa, ko da yake na san wannan ba ya ƙara komai. Matata ta kawo abinci ta mayar. Hawa bayan hawa suka fito, har na sama. Sannan manhajar ta koma wa wanda ya ƙi. Ta ja, ta tsaya, ta ja. Ta kai wajen rabi sai ƙarar ta ɗauke. Na cire na sake jonawa, na sauya waya, na sauya rami. Faifan bai sake cewa komai ba.

Hoto in ya zo rabi, samansa ke fitowa, ƙasan ya zama toka. Na buɗe shi. Hoton takarda ne mai tabon ruwa a gefe. Wata yarinya ce da ba ta kai ashirin ba, zaune a bakin gado, ɗankwalinta ya zame, ta sunkuyar da kai tana kallon wani abu a cinyarta. Sai da na daɗe kafin na gane Hajiya ce, don ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Dariya take yi, irin wadda mutum ke yi in ya tabbata ba mai ganinsa sai mai hoto. Daga ƙirjinta zuwa ƙasa toka ne. Ban taɓa sanin akwai hoton da ta riƙe ni ba, kuma ban san wa ta roƙa ya ɗauka a ɓoye ba.

Da safe na tafi Nima da laftof da mataccen faifan a naɗe cikin ɗankwalinsa. Na same ta a ɗaki, ba wake ba tire. Ƙanwata ta ɗora mata kwamfutar, na buɗe foldar na koma bakin ƙofa na zauna ina kallon tsakar gida. Ina jin ƙanwata na dannawa, ta fara cewa "Kai, Mma," sai ta haɗiye sauran. Da aka yi nisa sai Hajiya ta dubi ƙanwata.

"Ki ce masa an samu."

"Yaya, an samu."

"Ki tambaye ta wane suna za a sa wa foldar."

"Ki ce masa ya bar ta yadda take."

Na ce to. Sai ta ce a gangara can ƙasa, akwai wani. Na san wanda take nufi. Na taso na buɗe mata da kaina, na tsaya a gefe. Ta matso da fuskarta kusa da allon, ta kai yatsa kan tokar ta shafa, kamar ƙura ce za ta goge.

"Ki tambaye shi, ƙasan fa?"

Na yi bayani, ina kallon ƙanwata. Na ce faifan ya mutu yana tsakiyar wannan, abin da ya fito shi ke nan, kuma babu wani wuri a duniya da sauran yake. Ban faɗi cewa da na buɗe foldar tun ranar farko da ƙila ya fito duka ba. Ita ma ba ta tambaya ba. Ta daɗe tana kallon tokar, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

"To, a goge shi," in ji ta. "Saman ai ba kowa, ni ce kawai."

"Ki ce mata a bar mini saman."

Ƙanwata ba ta isar ba, ta rufe fuska da gefen gyale. Ana jin mai sayar da ruwa na kira a lungu. Hajiya ba ta dubi ƙanwata ba, ba ta kuma dube ni ba, allon take kallo.

"Ka ɗauka," ta ce.

Sannan ta gyara mayafi, ta juya wajen ƙanwata ta ce ta daina wannan shirmen, ta tashi ta ce masa akwai ɗumame a tukunya. Ƙanwata ta share ido ta ce, "Yaya, akwai ɗumame." Na ce ta ce mata na gode. Na zauna na cinye, duk da na karya kafin in fito.